Suna Ƙirga Ƙusoshin Jirgi, Sun Manta da Kuzar Jos



Tun da aka sanar da sabon wasan kwamfuta na tuƙin jirgin yaƙi mai suna IL-2 Korea, wasu samarinmu ba su da zance sai nasa. Wasan zai nuna yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, inda jirgin MiG-15 na Tarayyar Soviet ya kara da F-86 na Amurka. Ana ta yabon masu yin sa cewa ba sa wasa da tarihi: ƙarar inji, nauyin harsashi, har maɓallan gaban matuƙi, duk yadda suke a zahiri.

Ba mu ce a daina wasa ba, wanda ya iya shi ma ya koyi wani abu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce wannan ne gaskiyar tarihi. Gaskiyar ƙarfe ce kawai, an bar ta mutane a baya.

Mu ɗauki misali daga wasannin nan na IL-2 da suka riga suka fito. Akwai mai suna Desert Wings Tobruk, wanda ke nuna faɗan sama a hamadar Libiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yaro zai tuƙa jirgin Hurricane dare da rana, bai san ta Kano ire-irensa suka bi ba. Daga 1940 Ingila ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi da ke ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Khartoum har Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya.

To mu a Jos, namu rabon ya fi ɗaci. A watan Fabrairun 1942 Japan ta ƙwace Singafo, Malaya ta kuɓuce wa Turawan Ingila, kuma can ne babbar rijiyar kuzarsu. Da kuza ake haɗa dalmar liƙa wayoyi, da ita ake shafe gwangwanin abincin soja. Sai ido ya dawo kan tsaunukanmu. Gwamnatin Gwamna Bourdillon ta kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa sarakuna da hakimai kason mutanen da za su kawo. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebo mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza. Manoma ne da aka raba da gonakinsu, aka kawo su cikin sanyin Filato babu wadataccen abinci, babu matsuguni na kirki. Cuta ta kashe da dama, wasu suka tsere.

Ina wannan a cikin allon wasan? Ramukan da ruwa ya cike a Bukur da Barikin Ladi, waɗanda har yau suke cin yaranmu, su ne shaidar abin da haƙar kuza ta bar mana. Amma ɗan Jos zai iya faɗa maka gudun Spitfire, bai san abin da ya fara kawo kakansa bariki ba. Wannan abin kunya ne.

Wani zai ce ai wasa wasa ne, kamfani riba yake nema. Haka ne. Shi ya sa ba mu jiran Bature ya rubuta mu. Wanda bai ba da labarinsa ba, wani zai ba da shi yadda ya ga dama, ko ya share shi baki ɗaya.

Don haka muna kira ga samarinmu: wayar da kuke kallon tallan wasan da ita tana ɗaukar murya. Ku zauna da dattawan gidajenku, ku tambaye su abin da iyayensu suka faɗa kan zamanin aikin tilas, ku naɗa, ku kawo wa ƙungiya. Masu karatu su nemi littafin Bill Freund na 1981 kan ma'aikatan kuzar Najeriya. Masu ilmin kwamfuta kuma, me zai hana wata rana ku ƙera naku wasan, jirgi ya tashi daga Kano?

Dattawan suna ƙarewa. A yi shi yanzu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya a Jos.

Sakataren Ƙungiya