Falon Kallo Ko Falon Zama? Tsokaci Kan Yayin Da Ke Tafe

Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafan marubutanmu ya san gaɓar nan da jaruma ke shiga gidan Alhaji karo na farko. A nan marubuci kan jingine labari, ya ɗauki shafi guda cur yana zagayawa da mu falo: kafet ɗin da ƙafa ke nutsewa a ciki, labule tun daga sama har ƙasa, kujerun da aka ce daga waje aka yo odarsu, sanyin na'ura da ƙamshin turaren wuta. Na sha jin masu sharhi na cewa wannan ɓarnar takarda ce kawai. Ni kuwa ban ɗauke shi haka ba, domin kuwa idan ka jera littattafan shekarun 1990 da na yau, ka karanta shafukan falon kaɗai, to ka karanta tarihin abin da ranmu ke kwaɗayi a kowane zamani. Kuma ko mun yarda ko ba mu yarda ba, amare da yawa daga irin waɗannan shafuka suka fara zana ɗakunansu a zuci.

Mu ɗan waiwaya. Iyayenmu mata sun yi zamanin jeren tasoshi da kwalla da samira, ga gadon ƙarfe mai rumfa an ɗora masa katifa har sai an taka wani abu kafin a hau. Daga nan aka shiga zamanin kabad mai gilashi cike da tangaran, da ledar ɗaki, da kujerun kushin masu hannun katako. Sai kafet mai cinye ɗaki duka ya zo ya kori leda, tayil ya zo ya kori kafet. Aka yi kujerun sarauta masu ruwan zinare, waɗanda kai da ganinsu ka san ba a yi su don mutum ya miƙe ƙafa ba. Na baya-bayan nan shi ne wanda muke ciki: komai ruwan toka, kujera ta karan-miski, silin na fi-o-fi mai hawa biyu da fitilu a ɓoye, takardar bango mai zane, da allon katako da aka manna wa talabijin. Ka shiga gidan amare goma a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, da wuya ka bambance falon wannan da na waccan, sai dai ta hoton da ke bango.

To me ke tafe? Ba duba nake yi ba, hanyar da yayin kayan ɗaki ke bi ya iso gare mu sananniya ce. A birnin Milan na ƙasar Italiya ake yin babban bajekolin kayan ɗaki na duniya, wanda aka faro tun 1961, kuma galibi a watan Afrilu yake ci. Abin da aka nuna a can, masana'antun garin Inegol na Turkiyya da na Foshan a ƙasar Sin su kwaikwaya, 'yan kasuwarmu su cika kwantena, kafintan unguwa kuma ya gani a Instagram ya buga nasa daidai kuɗin mai saye. Ta ɓangaren launi kuwa, akwai wani kamfani a Amurka mai suna Pantone da ke fitar da launin shekara tun daga 2000. A 2021 ruwan toka na cikin launuka biyun da ya zaɓa. A 2025 kuwa ya zaɓi wani ruwan ƙasa mai kama da shayin da ya ji koko da madara, ya sa masa suna Mocha Mousse.

Idan ka tattara abin da masu ƙawata ɗaki na can suka karkata a kai cikin 'yan shekarun nan, za ka tarar sun gaji da toka-toka da ƙyalƙyali. Sun koma launin ƙasa, da jan yumɓu, da ruwan ganye. Kujera ta yi ƙasa-ƙasa, ta lanƙwashe, ta rabu da kusurwa. Bango ba a son shi sumul kamar faranti, an fi son a shafe shi da farar ƙasa ko yumɓu yadda sawun hannun magini zai fito. Sannan ana rububin duk abin da hannu ya yi: saƙar kaba, tukunyar ƙasa, fata, itacen da ba a rufe shi da fenti ba.

Don Allah mai karatu sake karanta wannan jerin a hankali. Wane ɗaki aka siffanta? Ai ɗakin kakanninmu ne, wanda muka kwashe shekara arba'in muna gudu muna kiran sa ƙauyanci. Launin da aka raɗa wa sunan Turanci ɗin nan, mu a wurinmu ɗan'uwan launin makuba ne, wadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a samu, a shafe bango ko a yi daɓe da ita. Bangon da ke nuna hannun magini kuwa, je ka Gidan Makama a Kano, ko ka zaga unguwar Birni a Damagaram, ka ga yadda ake fitar da dagi da sauran zane a jikin yaɓe. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830, masana gine-gine sun daɗe suna zuwa kallon bakan-gizonsa. Zama a ƙasa a kan kilishi, a kishingiɗa da tum-tum na fata, wannan kuma ba sai na yi bayani ba. Hatta fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta ta jar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, fatake suka tsallaka Sahara da ita.

Fargabata ita ce, wannan yayi zai iso mana ne a cikin kwantena, da farashin dala. Za mu ga tum-tum a shagon da ke da gilashi da na'urar sanyi, a ce mana daga Istambul yake, mu biya ninkin-ba-ninkin abin da dukawan Kasuwar Kurmi za su karɓa, mu dawo gida muna alfahari. Kuma ba a lokacin sauƙi ba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. A al'adarmu kuwa kayan ɗaki nauyin uban amarya ne. Kowa ya san gidan da aka sayar da fili, ko aka ci bashin da ya shekara biyu ana biya, don kawai kada 'yan ganin ɗaki su taɓe baki. Abin takaicin, kafin a gama biyan bashin an ce yayin ya wuce, kujerun sun koma hannun dillalai a rabin kuɗinsu ko ƙasa da haka.

Shi ya sa a iya fahimtata, tambayar da ta kamace mu ba ita ce me ake yayi ba. Tambayar ita ce, wannan abin zai iya zama da mu? Domin falon Bahaushe yana da abokan zama da falon Milan bai san su ba.

Na farkonsu ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ba ya neman izinin shiga ɗaki. Akwai wani yadin kujera mai curin gashi kamar bayan ɗan rago, galibi fari ko ruwan madara, da ya cika hotunan masu ƙawata ɗaki. Kyakkyawa ne ƙwarai, a hoto. Amma a kawo shi gidan da ke da yara huɗu, a yi hunturu ɗaya, a yi miyar manja sau biyu, sannan a zo a ba ni labari. Haka kuma launin da Pantone ya zaɓa wa 2026, wato Cloud Dancer, fari ne. Wanda duk ya bi wannan a garin da ake share ɗaki da safe a rubuta suna a kan tebur da yamma, to ya ɗaukar wa matar gida aikin da ba ya ƙarewa. A nan launin ƙasa ya fi mana, ba don an ce ana yayinsa ba, sai don shi da ƙurarmu 'yan gida ɗaya ne.

Na biyu zafi, kuma a nan ne na fi ganin gangancinmu. Falon zamani da muke ginawa, mai ƙaramar taga, da labule ninki uku, da takardar bango, da kujerar karan-miski, an tsara shi ne bisa zaton na'urar sanyaya ɗaki ba za ta taɓa tsayawa ba. A watan Afrilu kuwa zafin Kano da Sakkwato kan haura digiri 40. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin farko daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, sauran rukunan kuma sun san yadda suke ganin wutar. Sakamakon shi ne abin da kowa ke gani: an kashe dukiya a falo, amma da an ɗauke wuta sai maigida da baƙinsa su kwashi tabarma su koma ƙofar gida. Magabata da suka yi katanga mai kauri da rufin soro mai tsayi ba rashin wayewa ya sa su ba. Kuma ba maganar da ta mutu ba ce, domin a garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa a 2018, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aikin da ya jawo musu yabo a duniya. Wanda ke zaman haya ba zai rushe bango ba, na sani. Amma zai iya rage labule, ya bar taga ta yi aikinta, ya sa kuɗin fitilun silin a fanka mai aiki da sola.

Na uku, wanda ya fi duka, su ne baƙi. Saitin kujerun da muka gada, mai zaman mutum uku da mai biyu da ɗaya-ɗaya guda biyu, mutum bakwai yake ɗauka. Yaushe rabon da a yi suna ko barka ko gaisuwa a gidan Bahaushe mutum bakwai su zo? Ranar taro abin da ake fara yi shi ne a ja teburin gilashin nan na tsakiya a kai shi lungu, mata su baje a ƙasa, a kawo faranti a sa hannu. Suruki idan ya zo gaisuwa ba ya hawa kujera ko an yi masa tayi. Lokacin salla ya yi a nemi inda za a shimfiɗa darduma. Ashe ke nan abin da falonmu ya fi buƙata shi ne fili, mu kuwa filin muke cikewa da katako. Don haka idan yayin kujeru gajeru da zaman ƙasa ya iso, ni ina maraba da shi hannu biyu. Sai dai a bar kujera ɗaya ko biyu masu tsayi saboda tsofaffi, don mai ciwon gwiwa idan ya zauna a tum-tum sai an kama shi zai tashi.

Akwai kuma wanda nake roƙon kada mu karɓa ko kyauta aka ba mu, wato haɗe falo da kicin ba tare da bango ba. Na ga an fara shi a sababbin gidaje. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa jin an soya daddawa da attaruhu ba, bai kuma san gidan da matar gida ke son ta yi aikinta ba tare da abokan maigida suna kallon ta ba. Zaure da soron baƙi da aka yi a da, ai dalili ne ya kawo su.

Kada kuma a ce na ɗaure wa masu sana'armu gindi a kan komai. Gaskiya ɗaya ce, da yawan kayanmu na hannu ba a gama su yadda ya kamata. Za ka sayi tum-tum ya shekara yana warin jima, zanen rini ya zuba a wankin farko, kafinta ya yi maka kujera da ɗanyen katako ta fara ƙara bayan wata uku, ga saɓa alkawari. Yaɓen ƙasa kuma yana son gyara a kai a kai, ba kamar siminti ba. Matar da ta zaɓi na waje ba kullum ne son burga ya ja ta ba, wani lokaci gudun ɓacin rai ne. Idan marinan Ƙofar Mata da dukawa da masaƙa da masu saƙar faifai na son wannan dama ta zama tasu, to sai sun gyara ƙarshen aiki, sun kuma yi shi daidai da awon labule da matashin kujera na yau. Mai saye ba zai biya kuɗi don kishin al'ada kawai ba, sau ɗaya zai yi wannan.

Su kuma marubutanmu ina da ƙoƙon bara a wurinsu. Tun da alƙalaminku ya iya sa budurwa ta kwana tana mafarkin kujerun Italiya, to a littafi na gaba a gwada mana wani Alhajin da kuɗinsa ya kai, amma falonsa bangon makuba ne da dagi a saman ƙofa, shimfiɗarsa saƙar gida, labulensa rinin Kano, jaruma ta shigo ta rasa bakin magana. A bar masa na'urar sanyinsa da ƙaton talabijin ɗinsa, ba mu hana ba.