Mawaƙan Kaboyi Da Faifan Rediyo: A Ba Kowa Haƙƙinsa

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san hoton nan na mahayin doki da faffaɗar malafa, yana rera waƙa a dokar daji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a ɗakin rediyo aka raini irin wannan waƙa. Babban misali shi ne ƙungiyar Sons of the Pioneers ta ƙasar Amurka. A nawa ra'ayi, wanda yake son sanin darajar wannan ƙungiya, shirye-shiryenta na rediyo ya kamata ya fara saurara kafin faya-fayan da ta sayar a kasuwa.

An kafa ƙungiyar a birnin Los Angeles a shekarar 1933. Mutum uku ne suka fara: Leonard Slye, wanda daga baya ya zama tauraron fim da sunan Roy Rogers, da Bob Nolan, da Tim Spencer. Slye haifaffen jihar Ohio ne, Nolan kuwa a Kanada aka haife shi. Daga baya Hugh Farr mai goge da ɗan'uwansa Karl Farr mai jita suka shigo. Tashar KFWB ce ta fara fito da su, amma tasha ɗaya ba ta isa ko'ina a ƙasa mai girman Amurka.

Dabarar da ta warware wannan matsala ita ce faifan rediyo. Faifai ne mai faɗin inci 16, wanda kowane gefensa ke ɗaukar kimanin minti 15, alhali faifan kasuwa na wancan zamani minti 3 ko ɗan fiye yake ɗauka. Sai a ɗauki shiri sau ɗaya, a buga kwafe da yawa, a aika wa tashoshi, kowace ta sa a lokacin da ya yi mata. Tun 1934 ƙungiyar ta fara irin wannan aiki da kamfanin Standard Radio. A shekarun 1940 ta shiga shirin 10-2-4 Ranch, wanda kamfanin lemon Dr Pepper ya ɗauki nauyi, sannan ta yi wa kamfanin Teleways shirye-shirye. A farkon shekarun 1950 kuma aka yi Lucky U Ranch.

Me ya sa na fifita waɗannan faya-fayai? Na farko, kamfanin sayar da faifai waƙar da za ta kawo kuɗi yake nema, kamar Cool Water ko Tumbling Tumbleweeds. Rediyo kuwa ciki gare shi da ba ya ƙoshi; kullum sai an ba shi sabon abu. Wannan ya sa mawaƙan suka tono tsofaffin waƙoƙin makiyaya da na ibada da kiɗan goge zalla, har da waƙoƙinsu da ba su samu shiga kasuwa ba. Na biyu, a cikin shirin ana jin hira da barkwanci da yadda ake gabatar da waƙa. Ɗalibin adabin baka ya san cewa waƙa ba ta cika sai da yanayin da aka aiwatar da ita.

Sai dai akwai masu suka, kuma ba su rasa hujja ba. Duk tashar da ta sa faifai na minti 15, ta hana wani makaɗi na garin wannan minti 15 ɗin ke nan, da kuɗin da zai samu. Irin wannan koke ne ya sa ƙungiyar makaɗan Amurka, ƙarƙashin James Petrillo, ta hana 'ya'yanta ɗaukar faifan kasuwa daga 1942, rikicin da bai ƙare ba sai 1944. Bugu da ƙari, shirye-shiryen sun sayar wa masu sauraro yammacin Amurka na mafarki, mai tsabta da annashuwa, wanda ya yi nisa da wahalar makiyayi na gaskiya, balle ƙasar da aka ƙwace wa 'yan asalin yankin.

Duk da haka, mu dubi abin da ya rage a yau. Makaɗan da suka yi wasa kai tsaye a ƙananan tashoshi, mafi yawansu muryarsu ta bi iska. Na Sons of the Pioneers kuwa tana nan, domin an kama ta a faifai, masu tara kayan tarihi sun adana, an kuma sake fitar da wasu. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa: abin da aka yi don tallan lemo shi ya zama taskar tarihi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, a yi wa faifan rediyo adalci. A faɗi laifinsa na rage wa ƙananan makaɗa abinci, a kuma yarda cewa da babu shi, da ɗan abin da kasuwa ta zaɓa kawai za mu sani game da waɗannan mawaƙa. Allah ya sa mu dace.