Hannu Na Kan Sitiyari, Hankalin Fa?

Yau za mu ɗan jingine labari gefe guda, mu taɓa wata magana da ta shafi rayukanmu, wato wannan ɗabi'a ta amsa waya da iyafis ko Bluetooth alhali mutum yana tuƙi. Duk wanda ke bin titin Aliyu Makama a nan Barnawa, ko ya tsaya wajen Complex da yamma, zai ga direbobi birjik suna ta surutu su kaɗai cikin mota, har da nuni da hannu. In ka yi wa ɗayansu magana sai ya ce maka ai shi bai riƙe waya ba, hannayensa biyu na kan sitiyari, saboda haka bai taka doka ba kuma bai saka kowa cikin haɗari ba. To ni dai a ganina duka biyun kuskure ne.

Mu fara da doka. Ƙa'idojin amfani da hanya na ƙasa na shekarar 2012 sun hana direba kira ko amsa waya ta kowace irin siga muddin mota na tafiya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato 'yan Rod Sefti, ta sha nanata cewa har da iyafis a ciki. A jadawalin laifuffuka na dokar hukumar ta 2007 an sa tarar naira 4,000 a kan wannan laifi. Kai, a 2017, lokacin da Boboye Oyeyemi ke shugabantar hukumar, har aka fara tura masu irin wannan laifi asibitin gwamnati a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Mu mutanen Barnawa da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya ke unguwarmu, ai bai kamata a yi mana dogon bayani ba!

Na san wani zai ce ai a Turai an yarda. Gaskiya ne a Ingila tun 2003 riƙe waya a hannu aka haramta, aka ƙyale wadda ba a riƙewa. Amma Faransa fa? Tun 2015 ta hana direba saka iyafis a kunne. Sannan ko ma a ce duk duniya an yarda, kai da ke Kaduna dokar Nijeriya ce a kanka.

Sai batun haɗarin, wanda shi ya fi damuna. A 1997 wasu masana biyu a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Redelmeier da Tibshirani, sun bi diddigin kiran wayar direbobi 699 da suka yi haɗari. Suka gano cewa yiwuwar yin karo tana ninkawa kusan sau huɗu lokacin da ake waya, kuma masu amfani da wadda ba a riƙewa ba su fi sauran tsira ba. A 2006 kuma David Strayer da abokan aikinsa a Jami'ar Utah ta Amurka suka gwada mutane a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka ga mai waya yana jinkirin taka birki, ko ya riƙe ta ko bai riƙe ba, har suka kwatanta shi da wanda ya sha barasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma matsayinta ke nan.

Ku masu karatun littafi kun fi kowa sanin dalili. Idan marubuci ya siffanta maka falon gida ko fuskar budurwa, ai ganinsu kake yi a zuci, har a kira sunanka ba ka ji ba. Haka maganar waya take. Uwargida na faɗa maka inda rufin ɗaki ke yoyo, yaron shago na lissafa maka kayan da suka ƙare, to zuciyarka ta riga ta tafi can, ido ne kawai aka bari a kan titi, yana kallo amma ba ya gani. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu na shagala sun isa ka hau kan Keke Napep ɗin da ya tsaya ɗaukar fasinja, ko ɗan makarantar da ya fito daga bayan bas. Tun da aka faɗaɗa titunan Kaduna a aikin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019, motoci sun samu filin gudu, masu tsallaka titi kuwa ba su ragu ba.

Akwai masu cewa to ai hira da fasinja ma hira ce. E, hira ce, amma wanda ke zaune kusa da kai yana ganin abin da kake gani. In kun iso shataletalen Station ya ga cunkoso zai yi shiru, wani lokaci ma shi zai ce maka “a kula!” Wanda ke Kano ko Zariya kuwa bai san tirela ta shigo maka ba, da ya ji ka yi shiru sai ya ƙara ɗaga murya, “Kana jina kuwa?”

Maganar gaskiya, kamu kaɗai ba zai magance wannan ba, don jami'in Rod Sefti ko na KASTLEA ba zai iya tantance mai waya ta lasifikar mota daga mai bin waƙa ba. Gyaran yana hannunmu. Direba, in kiran ya zama dole, ka samu wuri ka faka, ka gama maganarka a tsanake. Ɗan kasuwa, ka daina matsa wa direbanka da kira yana kan hanya. Ke kuma 'yar uwa, in kin kira maigida kika ji ƙarar titi, ki ce “sai ka sauka”, ki kashe. Fasinjan bas ko na keke, kana da haƙƙin yin magana, don ranka na ciki. Kafin GSM ta zo a 2001 muna tuƙi daga Barnawa zuwa Kawo ba wanda ya ji muryarmu, kuma ba abin da ya ɓaci.

Allah Ya kiyaye mana hanya, amin. Sai mun haɗu a cigaban labarinmu.