Atilin Kagoro da Wardin Ɗa'ifa: Dukiyar tsauni da ba ta cikin kasafin kuɗi

Alhazan da Allah ya ba su ikon ziyartar Ɗa'ifa sukan dawo gida da ɗan kwalbar turaren wardi, wanda tsadarsa kan sa a adana shi sai ranar sallah ko biki. Furen da ake tatsar wannan turare yana fitowa ne a kan tsaunukan Al-Hada da Al-Shafa, inda ake tsinkarsa da sassafe a watannin Maris da Afrilu, kafin rana ta kwashe ƙamshinsa. Da ruwansa ake haɗa zamzam a wanke ɗakin Ka'aba, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun da ke tattare da shi cikin jerin kayan gadon duniya. Noma shi ake yi, amma danginsa na jeji sun fi shi yawa, kuma su ma sun ciyar da al'ummu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka daina samun lemo daga waje, gwamnatin Birtaniya ta shirya tsintar 'ya'yan wardin jeji tun daga 1941, ana dafa su a yi wa yara maɗi saboda yawan sinadarin bitamin C da ke cikinsu. A ƙasar Cile kuwa, mutanen karkara na tsintar 'ya'yan wardin da ke fitowa da kansa a gindin tsaunukan Andis, ana fitar da su ƙasashen waje don yin shayi da man shafawa.

Mu a Najeriya ba mu da wardin jeji na asali. Wanda nahiyarmu ke da shi kudu da Sahara yana kan tuddan Habasha ne. Sai dai darasin da ke cikin labarinsa ya shafe mu kai tsaye. Tsiron da ba wanda ya shuka shi, yana tsaye a gefen dutse yana riƙe ƙasa da saiwarsa, yana ciyar da ƙudan zuma da tsuntsaye, zai iya zama abin dogaron gida dubu idan hukuma ta san da zamansa. Irin wannan dukiya muna da ita a Kudancin Kaduna, kuma ra'ayina shi ne muna ƙone ta a murhu tun kafin mu san kimarta.

Duk wanda ya bi hanyar Kafanchan zuwa Kagoro a ƙarshen damina ya ga yadda tsaunukan ke lulluɓe da kore. Yankin yana gefen kudu maso yammacin tudun Jos ne, inda iskar damina ke karo da duwatsu ta sauke ruwa mai yawa, shi ya sa ake samun kurmi a cikin ƙoramu irin wanda aka saba gani a kudancin ƙasar nan. Gandun dajin Kagoro da na Nindam suna cikin wuraren da ƙungiyar BirdLife International ta ware a matsayin masu muhimmanci ga tsuntsaye. Ruwan da ke zuba a Matsirga, kusa da Kafanchan, daga waɗannan tuddai yake gangarowa. Mutanen Kagoro da kansu sun ɗaure al'adarsu da dutsen, domin bikin Afan da ake yi kowace ranar 1 ga Janairu sunansa ma daga tsauni ya samo asali.

A cikin itatuwan wannan yanki akwai atili, doguwar bishiya mai 'ya'ya masu launin shuni da ake jiƙawa a ruwan ɗumi su yi laushi. Duk wanda ya taɓa zuba su a tafasasshen ruwa ya san sai su ƙara tauri. Daga naman 'ya'yan ake tatsar man atili, ƙwallon yana da ƙwaya da ake ci, ƙaron da ke fita daga jikin bishiyar kuma yana ci da wuta yana ba da ƙamshi, har ana turare da shi. Ga ɗorawa, wadda kalwarta ke zama daddawa. Ga kaɗanya a filayen da ke gangaren duwatsun, ga ɗinya, ga zumar da matafiya ke tsayawa saye a bakin hanya. Mafi yawan masu tsintar waɗannan abubuwa da sarrafa su mata ne, kuma kuɗin da suke samu shi ke zama kuɗin makaranta da na magani a lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Amfanin da ba a gani a kasuwa ya fi wanda ake gani. Saiwar bishiya ce ke hana ruwan sama wanke ƙasar gangaren dutse ya kai ta cikin kogi. Ganyen da ya zuba yana rage gudun ruwa har ya nutse cikin ƙasa, daga nan ne maɓuɓɓugai ke samun abin da za su riƙa tsiyayarwa da rani. Furannin ɗorawa da kaɗanya suna buɗewa ne da rani, lokacin da gonaki suka bushe, su ne ke riƙe ƙudan zuma har damina ta zo. Ita kuma kaɗanya yawan 'ya'yanta ya dogara ga barbarar da ƙudan ke yi mata. Idan aka sare bishiyar, zuma ta ragu, 'ya'yan itatuwan da suka rage su ma su ragu, ƙasar gona ta bi ruwa.

Abin da ke cin waɗannan itatuwa ba ɓoyayye ba ne, kuma da hannunmu a ciki. Tun da farashin gas da kananzir ya tashi, gidaje da yawa a Abuja da kewayenta suka koma ga gawayi, buhunan da muke saye kuma daga dazuzzukan jihohin da ke maƙwabtaka da mu suke fitowa. Masu gasa gawayi sun fi son ice mai tauri irin na kaɗanya, bishiyar da kan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Ga masu yankan katako, ga faɗaɗa gonaki zuwa kan gangare, ga wutar daji da farauta ke haddasawa.

Za a ce talakan da ke neman na cefanen yau ba ya jiran bishiya ta yi 'ya'ya baɗi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa haramci kaɗai ba zai yi aiki ba. Mutum yana sare bishiya ne idan gawayinta ya fi 'ya'yanta kuɗi a hannunsa. Aikin hukuma shi ne ta juya wannan lissafi, ta yadda bishiyar da ke tsaye za ta fi wadda ke kwance daraja. Maroko ta yi hakan da itacen argan: a 1998 aka ayyana dajinsa a matsayin yankin da UNESCO ke karewa, mata suka kafa ƙungiyoyin gama kai, man da ake ci a ƙauye ya shiga kantunan Turai. Za a kuma ce matsalar tsaro ta hana mata shiga jeji a wurare da dama na Kudancin Kaduna. Wannan ma gaskiya ne, amma sana'ar da ke ba matasa abin yi, ta kuma haɗa manomi da makiyayi da mai kiwon zuma a kan bishiya guda, tana cikin abubuwan da ke gina zaman lafiya.

Shekarar 2023 ta isa ta zama izina. Cutar da ta afka wa citta a Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a ta lalata gonaki masu ɗimbin yawa, manoman da suka zuba jarinsu kacokan a kan amfanin gona ɗaya suka wayi gari da bashi. Yankin da ke da hanyar samun kuɗi ta biyu da ta uku daga itatuwansa ba ya durƙushewa haka don cuta guda ta zo.

Ga ma'aikatan tarayya da masu taimaka wa 'yan majalisa da ministoci, waɗanda takardu ke bi ta hannunsu kafin su zama manufa, akwai abin yi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamnoni, gandun daji ma na jihohi ne, amma bincike da ƙa'idar inganci da fitar da kaya waje na tarayya ne. Mataki na farko shi ne ƙidaya. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima, kuma ba a yin kasafi da kintace. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa da ke Ibadan tana da kwalejoji a Jos da Afaka, Jami'ar Jihar Kaduna tana da harabar Kafanchan, ga kuma sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kachia a 2025. Waɗannan sun isa su ƙirga itatuwan, su auna abin da kowace ke bayarwa a shekara, su kuma gano yadda za a yi renon dashen atili ya yi saurin 'ya'ya.

Mataki na biyu shi ne inganci. Man atili da zumar da ake sayarwa a tsofaffin kwalabe a bakin titi ba za su shiga manyan kantuna ba sai da rajistar NAFDAC, kuma ƙungiyar matan ƙauye ba za ta iya wannan zirga-zirga ita kaɗai ba. Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki da Majalisar Binciken Albarkatun Masana'antu suna da hurumin kai musu horo da injin tatsa har inda suke. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida. Manufar tana da kyau, amma masana'anta ba ta da amfani idan bishiyar da za ta ciyar da ita ta riga ta zama gawayi.

Na uku shi ne irin abin da muke dasawa. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa farfaɗo da ƙasar da ta lalace ne. Duk jami'in da takardar sayen dashe ta zo gabansa ya kamata ya tambaya: nawa ne atili, ɗorawa da kaɗanya a ciki, nawa ne baƙin itatuwa irin su bishiyar turare? Bishiyar da mace ta san za ta tsinci kuɗi a gindinta ba ta buƙatar mai gadi.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a tsallake ba. Idan kasuwa ta buɗe ba tare da tsari ba, 'yan kasuwar birni ne za su kwashe riba, a girbe 'ya'yan tun ba su nuna ba, a sassaƙe jikin bishiyar don ƙaro har ta mutu. Dole masarautu da al'ummun da ke zaune a gindin tsaunukan su zama masu iko da lokacin tsinta da rabon abin da aka samu, a rubuce, tun kafin motar farko ta iso. Kasafin kuɗin shekara mai zuwa ana fara rubuta shi ne a teburan da masu karanta wannan shafi ke zaune, kuma layi ɗaya na ƙidayar itatuwan Kagoro da Nindam bai kai kuɗin taron bita guda a otal ɗin Abuja ba.