Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ƙwadago: Kwana 14 Da Bayan Ɗan Dako

Mai girma Minista,

Kwana 14 ne suka sa mai wannan wasiƙa ɗaukar alƙalami. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Disambar 2010, ta ce duk wanda ya ji ciwo a bakin aiki ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ubangidan ya kai rahoto ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF cikin kwana 7. Doka ce mai kyau, kuma ma'aikatarku ta cancanci yabo a kanta. Ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ta hana shi cire ko sisi daga aljihun ma'aikaci saboda wannan. Ta haɗa da lebura da ɗan koyo da ɗan aikin gida, har da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

To wa ya gaya wa ɗan dakon kasuwar Dawanau?

Ranka ya daɗe, a je kasuwar a tsaya bayan tirela. Mutum biyu za su cicciɓi buhun masara mai kilo 100 su aza wa na uku a kafaɗa, ya bi katakon da aka jingina, katakon na lilo da shi, ya sauke ya dawo, tun hantsi har la'asar. Alhali tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada kayan da namiji zai ɗauka shi kaɗai su wuce kilo 55. Ranar da bayan ya ce ƙas, babu jini, babu karayar da ido zai gani. Sai ya ce ƙugu ne ya riƙe. Ya sayi ƙwaya a kemis, wanzami ya kafa masa ƙaho, uwargida ta gasa masa da ruwan zafi, washegari ya koma kasuwa, domin in bai fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Bai san guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayansa ya zame ya danne jijiya ba. Sai bayan makonni ciwon zai gangaro cinya, ƙafa ta fara sagewa. Kafin a ɗauke shi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a ce sai an yi hoton MRI, kwana 14 sun wuce tuni.

Kwana 14, ranka ya daɗe, ga ciwon da ba ya bayyana kansa cikin kwana 14! Gaskiya ne dokar ta bar wa NSITF damar yin sassauci idan ta gamsu ubangida ya san da raunin, ta kuma ba da shekara guda a nemi diyya, ko uku in akwai uzuri. Amma wa ya taɓa jin an karanta wannan da Hausa a rediyo? A wace rumfa aka manna shi? Ma'aikacin masana'antar Sharaɗa ko Bompai da ɗan kwangila ya kawo, ranar da ya kasa sunkuyawa ake maye gurbinsa, a ba shi kuɗin mota a ce Allah ya sawwaƙe. Shi ma kwana 14 ɗinsa a kan tabarma suke ƙarewa.

Sauran ƙorafe-ƙorafen kun san su: kamfanonin da ba su yi rajista ba, ƙarancin masu duba wuraren aiki, da batun takardun naira biliyan 17 na NSITF da aka faɗa wa kwamitin Majalisar Dattawa a 2022 cewa gara ta ci.

Ana yi maka shaidar sauraron talaka, don haka roƙon nan gare ka ne kai tsaye. Ka kai wa Majalisa gyara, lissafin kwanakin ciwon baya ya fara daga ranar da likita ya tabbatar da shi. Ka sa a buɗe teburin NSITF a kasuwannin Dawanau da Singa da kuma asibitin Dala, a zaunar da mai jin Hausa. Ka sa a rage buhu ya koma kilo 50, kamar na siminti. Kujerar nan wasu sun hau sun sauka, kai ma za ka sauka, kuma 'ya'yan mutanen da ke kwance za su tambayi abin da aka yi wa iyayensu a zamaninka. Don Allah, kafin kakar bana ta cika rumbunan Dawanau, a ji sanarwarka a rediyo.