Wa ke ƙirga angulayen Gadabeji?

Dattawan Dakoro ba su manta da zamanin da mahauci ba ya gama fiɗa sai angulaye sun cika itatuwan mayanka ba. Yau sai a ci kasuwa a watse da ƙyar a ga ɗaya tana jewa. Babu ɗan majalisar da ya taɓa tada jijiyar wuya a kan wannan, tunda angulu ba ta jefa ƙuri'a.

Cikinsu akwai baƙi. Farar angulu mai rawayar fuska tana ƙyanƙyasa a duwatsun Bulgariya da Girka, ta ƙetaro Sahara da kaka, ta ci lokacin sanyi a wurinmu. A 2013 masana suka ɗaura wa ɗaya na'urar da ke nuna inda take ta tauraron ɗan Adam, suka raɗa mata suna Paschalis. Ta yi tafiyar dubban kilomita lafiya. A farkon 2014 wani maharbi ya kashe ta a kudancin Nijar, domin a kai sassanta ga ƴan magani a Najeriya. Abin kunya, daga Turai aka fara sanin ta mutu.

Mai ganin wannan zancen banza ne ya dubi Indiya. Maganin dabbobi mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 90 cikin ɗari na angulayenta kafin a hana shi a 2006. Mushe ya koma hannun karnuka, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya biyo baya. Ƙasar makiyaya irin tamu, inda kowane fari ke barin gawar shanu daga Tarka zuwa Bermo, ba ta da mai share daji kyauta sai wannan tsuntsuwa.

Doka kuwa akwai ta, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, a kan farauta da kare namun daji. Gandun Gadabeji, hekta 76,000, an keɓe shi tun 1955, UNESCO ta amince da shi a 2017. Abin da muke nema ba ya da tsada: a ba ma'aikatan gandun daji babur da man da za su ƙirga tsuntsayen kowace shekara, a buga adadin kowa ya gani, a saka makiyaya cikin aikin tunda su ne ke kwana a daji. Ƴan duwan da jandarmomi su buɗe buhunan da ke gangarawa iyaka. Shugabannin ƴan kasuwa kuma sun san rumfunan da ake cinikin kan angulu, su fara magana da masu su.