Daga Zariya Zuwa Zariya

Mu nan Maraɗi, in aka ce yaro ya tafi karatu ƙasar waje, hankalinmu Faransa yake zuwa, ko Maroko, ko Aljeriya. Ɗan ƙanena, haifaffen unguwar Zariya, shi ma ya tafi a shekarar 2024, amma ba jirgi ya hau ba. Mota ya shiga a tasha, ya ƙetare Ɗan Isa da Jibiya, ya ratsa Katsina da Funtuwa, ya sauka a ɗaya Zariyar, ta Zazzau. Zango ɗaya ya yi, wata huɗu da ƴan kwanaki, yana karatun aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Maƙwabta har dariya suka yi masa, wai wannan ma karatun waje ne?

Shi ne kuwa. A kasuwa Bahaushe ne cikin Hausawa, sai dai da ya ce "lakwal" ko ya ƙirga kuɗi da dala, an gane daga inda ya fito. A aji kuma baƙo ne sosai: tun yana ɗan shekara bakwai da Faransanci yake karatu, ga malami yana ta zuba Ingilishi. Watan farko, in ji shi, wani abokin ɗakinsa ne ke sake karanta masa darasi da Hausa bayan sallar isha'i. Ta fannin aljihu bai sha wuya ba, domin naira ta faɗi ƙwarai a shekarar, sefar da ubansa ke aikawa ta yi masa auki.

Abin da ya samo shi ya sa na ɗauki alƙalami. A Samaru akwai cibiyar binciken aikin gona wadda ta girmi jami'ar kanta, da aka kafa a 1962. Kan dawa da wake da gyaɗa da auduga take aiki, watau abin da mu ma muke shukawa. Ƙudujin da ke cinye waken manomin Tibiri shi ne ake yaƙa a can, kuma yaron ya ga irin wake mai jure masa, ya taɓa da hannunsa. Ban raina ilimin Faransa ba, amma damina ɗaya ce ke shayar da mu da Zazzau, ko da yake tasu ta fi tamu tsawo.

To, da ya dawo fa? Takardar sakamakonsa da Ingilishi take. Wannan ofis ya tura shi wancan, daga ƙarshe aka ce babu wata yarjejeniya da za a dogara da ita, ya sake zangon. Alhali tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, tushensa shi ne makin ɗalibi ya bi shi duk inda ya je. Ina amfanin baɗi ba rai?

Na san abin da mahukunta za su ce: hanyar ba ta da tabbas. Gaskiya ne. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma malaman jami'o'in can sun yi yajin aiki na wata takwas a 2022. Amma ai wannan hujja ce ta a zauna a rubuta, tun yaro bai tashi ba, darussan da za a lissafa masa da abin da za a yi in hanya ta toshe. Ɗaliban Najeriya ba su fasa zuwa mana ba. Tun da aka buɗe Jami'ar Maryam Abacha a 2013 masu gidajen haya na garin nan suka san su.

Ku kuma alhazanmu, da motocinku ke kai da komo tsakanin Maraɗi da Kano, wa ke karanta muku takardun kaya da na banki in sun zo da Ingilishi? Kuɗin zango ɗaya na yaro bai kai abin da kuke kashewa a bikin aure guda ba.

Shi dai yaron ya sake zangon nasa. Ran Lahadi yakan hau babur zuwa Jiratawa, inda wani manomi ya ba shi aron kunya shida yana gwada waken da ya zo da shi.